Yadda Ake Zaɓar Na'urar Auna Yanayi ta Gida

Alƙaluman yanayin da kake gani a wayarka ba a ƙofar gidanka aka auna su ba. Galibi daga tashar hukuma mafi kusa ake ɗebo su, sau da yawa wadda ke filin jirgin sama, sannan a haɗa da lissafin kwamfuta da hotunan tauraron ɗan'adam. Shi kuwa ruwan sama bai san wannan tsari ba. Yana iya sheƙawa a wannan unguwa, ta gaba da ita ko ɗigo ba ta gani ba. Duk wanda ke son sanin ainihin ruwan da ya sauka a gonarsa ko lambunsa, ko irin zafin da dabbobinsa ke sha da tsakar rana, sai ya auna da kansa. Aikin na'urar auna yanayi ta gida ke nan.

Kashi biyu ce. Akwai ma'aunan da ake kafawa a waje, masu auna zafi da danshin iska da gudunta da inda take fitowa da yawan ruwan sama. Akwai kuma allon da ke cikin ɗaki, ko wani ɗan akwati mai karɓar saƙo ya miƙa wa waya, kuma yawanci a cikinsa ma'aunin matsin iska yake. Mutane da yawa sukan fara da kwatanta wannan kamfani da wancan. Ni a ganina wannan shi ne ya kamata ya zo daga baya, domin wurin da za ka kafa na'urar ya fi sunan wanda ya ƙera ta tasiri a kan gaskiyar abin da za ta faɗa maka.

Mataki na farko: me kake son sani?

Ka zauna ka amsa wannan tun kafin ka duba ko da na'ura ɗaya. Mai lambu da manomi ruwan sama ne a gabansu, sai zafi, wataƙila da danshin ƙasa. Mai kiwon kaji ko wasu dabbobi zafi da danshin iska ne damuwarsa, don idan suka haɗu suka yi yawa jiki ba ya iya sanyaya kansa. Mai feshin magani a gona, ko mai shiga ruwa da jirgi, iska ce ke yanke masa shawarar fita ko zama. Wanda kuma ke tara ruwan rufi yana bukatar lissafi guda ɗaya: milimita 1 na ruwan sama daidai yake da lita 1 a kan kowace murabba'in mita, don haka milimita 10 a kan rufi mai murabba'in mita 100 lita 1,000 ke nan.

Idan abin da kake so bai wuce sanin zafin waje da na ɗaki ba, kada ka ɗora wa kanka cikakkiyar tasha. Ƙaramin ma'aunin zafi da danshi mara waya ya wadatar.

Mataki na biyu: zagaya gidanka ka nemi wuri

A nan ya kamata ka ɓata lokaci sosai, don kowane ma'auni da irin wurin da yake so, kuma bukatunsu sun saɓa wa juna.

Ma'aunin zafi ƙasa-ƙasa yake so. Ƙa'idar Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ita ce a auna zafin iska a tsayin mita 1.25 zuwa mita 2 daga ƙasa, a fili, a kan gajeriyar ciyawa ko ƙasar wurin yadda take. Dalilin a bayyane yake. Siminti da kwalta da bango da rufi suna shan rana da yini, su riƙa amayar da zafin har cikin dare. Ma'aunin da ke kusa da su zafinsu zai riƙa ba ka labari, kai kuwa na iska kake nema. Haka ma bayan na'urar sanyaya ɗaki, da bakin bututun hayaƙi, da inda ake ajiye janareta ko mota.

Ma'aunin iska shi kuma sama yake so. Ƙa'idar hukumar ita ce mita 10 daga ƙasa, a buɗaɗɗen fili, kuma nisansa da duk wani abin da zai tare iska ya kai ninki goma na tsayin abin. Wato idan akwai bishiya mai tsayin mita 6, sai ka ba ta mita 60. Gidaje ƙalilan ne ke da irin wannan sarari, kuma ba laifi ba ne idan naka bai kai ba. Abin da ake nema shi ne ka san inda aka tauye ka. Idan gini ya tare maka gabas, ka sani cewa duk iskar da ta fito daga gabas ƙasa da ƙarfinta za ka gani.

Ma'aunin ruwan sama yana tsakani. Yana son sararin sama a buɗe, nesa da bishiya da bango aƙalla ninki biyu na tsayinsu, in da hali ninki huɗu. Amma ba ya son a ɗaga shi can ƙololuwa, saboda iska ta fi ƙarfi a sama, takan kwashe ɗigon ruwa ta tsallake bakin mazurarin, sai ka ga adadin ya ragu. Ƙari a kan haka, shi ne ma'aunin da ya fi bukatar a riƙa tsabtace shi. Idan sai ka hau tsani mai tsawo kafin ka kai gare shi, za a wayi gari ka daina hawa, ganye ya toshe shi.

Ka fita da safe, da rana tsaka, da yamma, ka ga inda inuwa ke faɗawa da inda rana ke bugawa. Ka auna nisa daga wurin da ka zaɓa zuwa ɗakin da allon zai zauna, ka ƙirga bangon da ke tsakani. Ka tuna kuma bishiyar da take ƙarama yau za ta girma.

Mataki na uku: dunƙulalliya ko rarrababbiya?

Amsar ta fito daga zagayen da ka yi. Dunƙulalliyar na'ura ita ce wadda aka haɗa dukkan ma'aunai a jiki ɗaya, ka ɗaura a kan sanda guda ka gama. Irin su ne Davis Vantage Vue da Ambient Weather WS-2902 da Tempest. Sauƙin kafawa ne da su, amma dole wani ma'auni ya haƙura. Ka kai ta rufi, iska ta gyaru, zafi da ruwa su samu tangarɗa. Ka sauke ta zuwa mita 2, zafi da ruwa su gyaru, iska ta zama ta tsakar gida kawai.

Rarrababbiya tana ba ka damar kai kowane ma'auni inda ya dace da shi. Davis Vantage Pro2 tana zuwa da waya mai tsawon mita 12 don a ɗaga ma'aunin iska shi kaɗai. Kamfanin Ecowitt na sayar da ma'aunai ɗaiɗai waɗanda duk suke aika saƙo ga akwati ɗaya, ka fara da biyu ka riƙa ƙarawa. Ita ma na'urar kamfanin Netatmo daban ake sayen ma'aunin ruwa da na iska.

Shawarata ita ce, mai fili buɗaɗɗe wanda zai iya kafa sanda a tsakiyarsa, dunƙulalliya za ta yi masa. Wanda gine-gine suka kewaye, ya nemi rarrababbiya. Idan kuwa dunƙulalliya kaɗai ke gabanka, ka koma ga amsar mataki na farko, ka kafa ta inda ma'aunin da ya fi maka muhimmanci zai faɗi gaskiya.

Mataki na huɗu: karanta takardar bayanai da idon basira

Abu na farko da ke ruɗar mutane shi ne bambanci tsakanin ƙanƙantar abin da allo ke iya nunawa da kuma daidaiton awon. Allo zai iya rubuta digiri 31.4, alhali takardar ta ce kuskuren ma'aunin na iya kaiwa digiri 1 sama ko ƙasa. Ka nemi layin da ke da alamar ±. Na'urori masu inganci sukan yi alkawarin kusan rabin digiri ko ƙasa da haka a zafi, da kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari a danshi. Na ƙasa da su sukan tsaya a digiri 1 da kashi 5. Kamfanin da bai rubuta wannan ba kwata-kwata, ka wuce shi.

Sai garkuwar rana. Ma'aunin zafi mafi kyau a duniya, idan rana ta taɓa shi kai tsaye, ƙarya zai yi. Tun 1864 Thomas Stevenson, injiniya ɗan Sukotlan, ya tsara farin akwatin katako mai tsage-tsage wanda ke tare rana ya bar iska ta ratsa, kuma har yau ana ganinsa a tashoshin hukuma. A na'urar gida an mayar da shi fararen faifai da aka jera ɗaya bisa ɗaya da tazara a tsakaninsu. Ka duba hoton da kyau. Garkuwa mai girma da faifai masu yawa ta fi 'yar ƙarama mai uku ko huɗu. Matsalar takan fito a ranar da rana ta ƙwalle kuma iska ta tsaya cik, don zafi na taruwa a cikin garkuwar, awon ya haura gaskiya. Maganinsa shi ne garkuwa mai 'yar fanka da ke jawo iska ta cikinta. Wanda ke zaune inda rana ke da ƙarfi, kuma zafin rana tsaka shi ne abin da yake bibiya, wannan fanka ta fi masa duk wani kwalliyar allo amfani.

Ma'aunin ruwan sama iri biyu ne a kasuwa. Wanda aka fi sani yana da mazurari, a ƙarƙashinsa akwai 'yan cokula biyu a kan ƙusa ɗaya kamar sikeli. Ɗaya ya cika ya rinjaya ya zubar, ɗayan ya karɓa, na'ura ta ƙirga kowace rinjaya. A yawancinsu kowace rinjaya milimita 0.2 ce, ko 0.254 ga waɗanda aka yi da ma'aunin inci. Mazurari mai faɗi ya fi ƙarami daidaito. Rauninsa shi ne idan ruwa ya zo kamar da bakin ƙwarya, wani yakan zube a daidai lokacin da cokalin ke juyawa, sai ƙirgen ya gaza kaɗan. Iri na biyu sabo ne, ba shi da mazurari, yana jin bugun ɗigon ruwa ne a kan murfinsa ya ƙiyasta yawansa. Ba ya toshewa, yana kuma saurin sanar da fara ruwa, sai dai girgizar sanda ko saukar tsuntsu na iya ruɗa shi, kuma jimillar da yake bayarwa ba ta kai ta mazurari tabbas ba. Mai noma ya zaɓi mazurari.

A ɓangaren iska ma haka. Akwai kofuna uku masu juyawa tare da kibiya mai nuna inda take fitowa, tsohuwar dabara da kofunanta suka samo asali daga ƙirar Thomas Romney Robinson ta 1846. Akwai kuma mai amfani da sautin da kunnen mutum ba ya ji, wanda babu abin da ke motsi a jikinsa. Na kofuna yakan gaji idan ƙura ta shiga boris ɗinsa, amma ana ganin matsalar da ido, ana kuma iya gyarawa. Na sauti yana kama iska mai sanyin tafiya, sai dai ruwa mai yawa ko saƙar gizo a tsakanin idanunsa na iya dagula shi. Ka duba kuma sau nawa na'urar ke aiko da sabon awo. Davis kowane daƙiƙa 2.5 take aikowa, wasu kuwa sai bayan daƙiƙa 16 ko fiye. A ƙa'idar masana, bugun iska mai ƙarfi a kan daƙiƙa 3 ake lissafa shi, don haka mai bibiyar guguwa yana bukatar mai saurin aikowa. Ga mai lambu wannan ba wani abu ba ne.

Sauran ƙarin ma'aunai, irin su na hasken rana mai ƙona fata, da na walƙiya, da na ƙurar da ke cikin iska, ka saye su idan kana da abin yi da su. Alamar hasashen da allo ke nunawa, wato hoton gajimare ko rana, daga hawa da saukar matsin iska kawai ake fitar da ita, kada ka zaɓi na'ura saboda ita.

Mataki na biyar: saƙo, wuta da ajiyar bayanai

Ma'aunan waje da igiyar rediyo suke magana da allo, a kan 433 ko 868 ko 915 megahaz, gwargwadon dokar ƙasar da aka yi na'urar dominta. Amurka 915 take amfani da shi, Turai 868. Ka tabbata wadda za ka saya ta dace da dokar inda kake, kuma duk ma'aunin da za ka ƙara nan gaba lambarsa ɗaya da ta akwatinka, in ba haka ba ba za su ji juna ba. Nisan da aka rubuta a kwali, ko mita 100 ne ko 300, na fili ne fetal. Kowane bango yana rage shi, bangon kankare mai rodi da rufin ƙarfe sun fi kowa ci.

Yawancin ma'aunan waje suna da ƙaramin faifan sola da batir na ko-ta-kwana. Batirin litiyam ya fi jure tsananin sanyi da zafi, kuma ba ya saurin yoyo ya ɓata wurin zamansa. Allon cikin gida kuwa, ka tambaya ko yana da batir da zai riƙe shi idan wuta ta ɗauke, da kuma ko yana ajiye awon a cikinsa.

Wannan tambaya ta ƙarshe ina ba ta muhimmanci ƙwarai. Wasu na'urori ba sa nuna komai sai ta rumbun kamfanin a intanet. Intanet ya yanke, ko kamfanin ya sauya tsari, ko ya rufe, tarihin da ka tara na iya tafiya. Amfanin tasha kuwa a tarihin yake. Awon yau kaɗai bai faɗi komai ba, sai ka jera shi da na bara da na bara waccan kafin ka ga ko ruwa ya makara ko zafi ya ƙaru. Ka nemi wadda za ta bar ka ka sauke bayananka, ko mai katin ajiya, ko wadda ke aiki da manhajoji irin su WeeWX da Cumulus MX a kan kwamfutarka. Idan kana son wasu su amfana, ka duba ko tana iya aikawa zuwa Weather Underground ko CWOP, wato dandalin intanet masu tara awon tashoshin gida. Ka lura kuma cewa yawancinsu da Wi-Fi na 2.4 gigahaz kaɗai suke haɗuwa.

Mataki na shida: akwai kayan gyara?

Abin da ke kwana a waje yana shan rana da ruwa da ƙura dole wani ɓangarensa ya gaji. Ma'aunin danshi ne kan fara kaucewa bayan wasu shekaru, sai kofunan iska, sai roba ta bushe ta tsage. Kafin ka biya, ka bincika ko ana sayar da waɗannan ɗaiɗai. Idan lalacewar ma'auni ɗaya na nufin jefar da na'urar gaba ɗaya, ka sake tunani.

Mataki na bakwai: gwada ta a ƙasa kafin ka ɗaga

Tun ran gini tun ran zane. Ka haɗa komai a kan tebur, ka ajiye ma'aunin waje kusa da allo na wasu awanni a cikin ɗaki. Zafi da danshin da suke nunawa ya kamata su zo kusa da juna. Ka juya kofunan da yatsa, ka juya kibiyar, ka ga allo ya amsa.

Ma'aunin ruwa ka gwada shi da lissafi. Ka auna faɗin bakin mazurarin ka fitar da girman filin da'irarsa a murabba'in santimita, ka raba da 10, abin da ya fito shi ne mililitar da ke daidai da milimita 1. Mazurari mai faɗin santimita 16 yana da murabba'in santimita kusan 201, wato mililita 20 a kowace milimita. Ka zuba mililita 200 da sirinji a hankali, cikin mintuna goma ko fiye, allo ya nuna kusan milimita 10. Idan ka kwarara shi lokaci guda gwajin ya ɓaci. Bayan ka gama ka goge wannan adadi daga tarihin. Ma'aunin danshi da ake iya cirewa ana gwada shi da gishiri: a jiƙa shi kaɗan ba tare da ya narke ba, a rufe shi da ma'aunin a cikin mazubin da iska ba ta shiga na kwana ɗaya, ya kamata ya nuna kusan kashi 75.

Sai matsin iska, wanda mutane da yawa ke mantawa. Matsakaicinsa a bakin teku hektofaskal 1013.25 ne, kuma yana raguwa da kusan 1 a kowace mita 8 da aka hau. Wanda ke zaune a tudu mai mita 500 zai ga kusan 955, ya zaci na'urar ta lalace. Lafiyarta ƙalau. Tashoshin hukuma suna mayar da awonsu zuwa na bakin teku don a iya kwatantawa, kai ma sai ka yi haka: ka shigar da tsayin wurinka, ko ka daidaita da awon filin jirgin sama mafi kusa a ranar da yanayi ke kwance. A ƙasashe masu zafi da ke kusa da tsakiyar duniya za ka ga matsin yana hawa da sauka sau biyu kullum, ya kai ƙololuwa wajen ƙarfe 10 na safe da 10 na dare. Ɗabi'ar sararin sama ce, ba alamar hadari ba.

Mataki na takwas: kafawa da kulawa

Sanda ta zama ta ƙarfe mai kauri, a kafe ta yadda ba za ta yi rawa ba, don rawar sanda na sa cokulan ruwa su rinjaya babu ruwa. Ka daidaita na'urar da ɗan ma'aunin nan mai kumfa a cikin ruwa da magina ke amfani da shi, wasu ma suna zuwa da shi a jikinsu. Idan ta karkace, cokali ɗaya zai riga ɗaya cika. Ka fuskantar da alamar arewa da ke jikinta zuwa arewa da taimakon kamfas, ka ja baya daga sandar ƙarfen lokacin dubawa don kada ta janye allurar. Mazauna kudancin duniya su karanta littafin na'urar, domin faifan sola a can arewa yake kallo, kuma akwai saitin da ke gyara alƙiblar iska. Idan a rufi za ka kafa, ka ɗaga ta mita 2 ko fiye sama da ƙololuwar rufin, ka nisanci wayoyin lantarki, ka sa ma'aikacin da ya san aikin ya haɗa sandar da ƙasa saboda tsawa. Kada ka hau rufi kai kaɗai, ko lokacin da hadari ya haɗo.

Daga nan sai kulawa. Duk bayan 'yan watanni, da kuma gab da faɗuwar ruwa, ka cire mazurarin ka wanke ganye da ƙura da kashin tsuntsu, ka duba ko gizo-gizo ko zanzaro sun yi gida a cikin cokulan ko tsakanin faifan garkuwa. Ka goge faifan sola, ka saurari kofunan ko suna ƙara idan suna juyawa, ka sauya batir kafin ya mutu. Ka kafa ƙaramin ma'aunin ruwa na hannu, irin silinda mai zane-zanen milimita, 'yan taku daga na'urar kuma a tsayi ɗaya da ita, ka riƙa kwatanta su bayan kowane ruwa mai yawa. Idan bambancin ya riƙa wuce kashi 10 cikin ɗari a jere, ka fara duba toshewa da karkata, sannan ka taɓa ƙusoshin saiti da ke ƙarƙashin cokulan, kana juya su biyun daidai wa daida.